Yadda ake shirya jiki da zuciya kafin shiga horon kurtu a Kamaru

Duk lokacin da aka fara raɗe-raɗin za a ɗauki sojoji, sai saƙonni su yi ta shigowa daga Garwa, Marwa, Gidar, Mokolo har Kuseri, kuma kusan duka tambaya ɗaya ce: yaya horon kurtu yake, me mutum zai yi jikinsa ya ɗauka? Wasu ma iyaye mata ne ke tambaya a madadin 'ya'yansu. To ga amsar a jere. Abin da nake so a riƙe tun farko shi ne, wanda ya jira sai ya ji sanarwa a gidan rediyo da talabijin na ƙasa, CRTV, sannan ya fara gudu, ya riga ya makara. Tsakanin sanarwa da ranar gwaji 'yan makonni ne, jiki kuwa yana bukatar aƙalla wata uku. Ƙattai masu ɗaga ƙarfe sukan zube a hanya, siririn yaron da ya saba bin shanu ko zuwa gona a ƙasa ya wuce su yana tafiyarsa. Juriya ake gwadawa, ta ƙafa da ta zuciya.

1. San ƙofar da za ka shiga

Ma'aikatar Tsaro ce ke fitar da sanarwa, kuma kowace ƙofa da nata sharuɗɗan: sojan ƙasa, na sama, na ruwa, jandarma, sai BIR, rundunar kai ɗaukin gaggawa da duk ɗan Arewa Mai Nisa ya san motocinta. Makarantar hafsoshi ta EMIA da ke Yawunde hanya ce dabam, ba ita muke magana a kai ba. Ga ƙaramin soja, abin da aka saba nema shi ne shekara 18 zuwa 23, ba aure ba ɗa, da takardar makaranta, CEP ta firamare ko BEPC ta ƙaramar sakandare gwargwadon ƙofar, sai awon tsayi. Nemi sanarwar bana ka karanta da idonka, a jaridar Cameroon Tribune ko a allon ofishin jandarma mafi kusa da kai. Hoton da ke yawo a WhatsApp sau da yawa na bara ne.

Gargaɗi: tun 2014 ake faɗa da Boko Haram a wajejen Kolofata, Fotokol da tafkin Chadi, tun 2017 kuma ga rikicin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma. Ana iya tura sabon soja can. Zauna da mahaifanka ku yi wannan maganar a fili kafin ka kashe ko dala a kan takardu. Wanda albashi kaɗai ya jawo shi, shi ne yakan fara karaya a mako na biyu.

2. Haɗa takardu, kuma bi jerinsu

Takardar haihuwa ce uwar sauran. In ba ka da ita, kamar yadda matasa da yawa a ƙauyukanmu ba su da ita, sai ka bi ta kotu a yi maka jijiman, wato hukuncin kotu da ake fitar da takardar haihuwa da shi, wanda kan ci makonni, wani lokaci watanni. Da shi za ka fara. Bayansa katin ɗan ƙasa, wanda a sabon tsari kuɗinsa sefa 10,000 ne. Sai takardar shaidar zama ɗan ƙasa daga kotu, sai kwafin takardar makaranta da aka buga wa hatimi, sai hotuna. Kaziye, wato takardar da ke nuna ba ka da laifi a kanka, ita za ka bari ƙarshe, don wata uku kawai take aiki, kuma a kotun garin da aka haife ka aka saba karɓarta. Wanda aka haifa a Yagwa yana zaune a Ngaundere ya sa kuɗin mota a lissafi.

Kusan kowace takarda tana son tambur, kuma tun 2023 tambur ɗaya sefa 1,500 ne. Ƙirga takardunka, ka ninka, ka ƙara kuɗin hoto, kwafi da mota. Kuɗin shiga gwajin kuma yana rubuce a cikin sanarwa, ana biyansa a inda aka faɗa, a ba ka rasit. Ajiye kwafin komai a gida cikin leda.

Baza takardun a tabarma ka duba suna harafi-harafi. Mohamadou a takardar haihuwa, Mouhamadou a ta makaranta, Hamadou a katin ɗan ƙasa: a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin mai karɓar dosiye mutum uku ne. Haka ranar haihuwa. Gyara yanzu, ba a bakin layi ba.

Gargaɗi biyu. Na farko, takardar bogi. A 2022 an kori sababbin sojoji da jandarmomi fiye da 900 bayan sun riga sun shiga horo, saboda an gano takardun makarantarsu na jabu ne. Sun sha wahalar a banza, ga kunya, ga barazanar kotu. Na biyu, 'yan damfara. Da zarar sanarwa ta fito sai ka ga wani yana da "kanar a Yawunde" da zai sa sunanka in an ba shi abin goro. An sayar da shanu da filaye a kan wannan magana. Ko da sunan ya fito, ba wanda zai yi maka gudun.

3. Je asibiti da kanka kafin likitan soja ya gan ka

Likitocin soja za su tuɓe ka su duba komai: hawan jini, zuciya, ido, haƙori, ƙaba da gwaiwa, basir, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, kumburin jijiyoyin ƙafa, ga gwajin jini da fitsari. 'Yan mata kuma har da gwajin ciki. Gara ka san matsayinka tun yanzu. Ruɓaɓɓen haƙori ana gyara shi. Tsargiya, wadda yaran bakin Binuwai da Logon suka ɗauka kamar ba ciwo ba, tana da magani a asibiti. Ƙaba ana yi mata aiki, amma tana son watanni kafin ka koma ɗaukar nauyi.

Gwaji biyu ne nake matsa wa kowa ya yi. Ɗaya na ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu kuma mutum kan ɗauke shi shekaru bai sani ba. In ba ka da shi, fara rigakafi, allura uku ce cikin wata shida. Na biyu na sikila. Mai AS lafiyarsa lau a rayuwar yau da kullum, amma idan matsanancin gudu ya haɗu da zafi da ƙishirwa, haɗarin ya faɗi farat ɗaya ya fi na sauran mutane. Sanin haka zai sa ka kula da ruwa da hutu fiye da kowa, ka kuma gaya wa likita.

Gargaɗi: kada ka sha magani don ɓoye hawan jini ko fuka a ranar gwaji. Wanda ya taɓa suma yana gudu, ko ƙirjinsa ke ciwo in ya motsa, ko wani a gidansu ya rasu farat ɗaya yana matashi, ya nemi a yi masa awon zuciya tukuna.

4. Gudu, a hankali kuma a jere

Mako biyu na farko, fita bayan sallar asuba, kwana uku ko huɗu a mako, ka haɗa sassarfa da tafiya na minti 20 zuwa 30. Ma'aunin saurin shi ne ka iya hira da abokinka kuna gudu. In numfashi ya hana ka magana, rage. Daga mako na uku ka riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ka yi makon jiya, duk mako na huɗu kuma ka sassauta jiki ya huta. Wanda dama yana buga ƙwallo ko aikin ƙarfi, cikin wata biyu ya kamata ya iya kilomita 10 ba tsayawa, a ƙarshen wata na uku ya taɓa 15 sau ɗaya a mako. Wanda aikinsa zaman shago ne ko acaba, kuma BIR yake so, ya ba kansa wata shida.

Samari ba sa son jin wannan "a hankali". Dalilinsa shi ne huhu da zuciya suna sabawa cikin makonni, ƙashi da jijiya kuwa sai sun ɗauki watanni. Sai ka ji numfashi ya buɗe, ka ga kamar za ka iya zuwa Pitowa ka dawo, alhali ƙwaurinka bai shirya ba. Ciwon da ya bazu a tsawon ƙwauri yakan lafa in an rage gudu. Amma in wuri ɗaya ne tak, wanda za ka iya rufewa da ɗan yatsa, yana zafi in ka yi tsalle da ƙafa ɗaya, to alamar tsagewar ƙashi ce. Tsaya, je asibiti. Irin wannan yakan ci mako shida zuwa takwas, kuma in ka matsa masa karyewa zai yi.

Bayan wata guda, ware rana ɗaya ta sauri: zagaye ɗaya na filin ƙwallo da ƙarfi, zagaye ɗaya tafiya, sau shida. Wata ranar kuma tudu. 'Yan Marwa, Mora da Mokolo duwatsu na bayan gida, 'yan Garwa ga Tingelin, 'yan Ngaundere ga dutsen cikin gari. Yashin mayo, wato busasshen kogi, da rani, irin na Kaliyawo, yana ƙarfafa idon sawu, sai dai yana jan agara, sau ɗaya a mako ya isa.

Bayan kowane gudu ƙara pomp (ture ƙasa da hannu), abdo (motsa tsokar ciki), tsuguno, da jan jiki sama a ƙarfe ko reshe mai ƙwari. In ka samu igiya mai kauri ka ɗaura a bishiya ka koyi hawa, da ƙafa ake maƙale ta, hannu kaɗai ba ya kai mutum sama. Iyo ma yana da amfani, musamman ga mai son sojan ruwa, amma ka koya wurin wanda ya iya, a ruwa marar zurfi. Binuwai da dorina a ciki.

Ƙwallon yamma ba ta maye gurbin wannan tsarin. A watan ƙarshe ma ajiye ta, targaɗe ɗaya zai cinye maka shekara.

5. Koyi tafiya da kaya

Gwajin da BIR ta yi suna a kansa shi ne gudun kilomita 20 da nauyin kilo 20 a jiki. An sha samun waɗanda suka faɗi a wannan gudu, wasu ba su tashi ba. Ko ba BIR kake nema ba, a kowane sansani za ka yi doguwar tafiya da jaka da bindiga, don haka wannan matakin na kowa ne.

Kada ka fara shi sai ka yi wata guda kana gudu ba ciwo. Samo buhu, zuba yashi busasshe kilo 5, kai wurin mai sayar da hatsi ya ɗora maka a sikeli, don ƙiyasin ido ƙarya yake yi. Ɗaure bakin sosai, naɗe shi da tsohon zane, sa a jakar goyo ta yadda nauyin zai zauna sama kusa da kafaɗa, manne da baya, ba yana lilo a ƙugu ba. Fara da tafiya mai sauri, kilomita 5, sau ɗaya a mako. Bayan kowane mako biyu ƙara ko dai nauyi ko nisa, kada ka ƙara su tare. Kilo 5, 8, 12, 15, har 20. Sai nauyin ya zauna maka sannan ka fara sa 'yar sassarfa a ciki, taku gajere, ƙafa kusa da ƙasa, minti biyu gudu minti biyu tafiya.

Wani lokaci ka cire buhun daga jaka ka saɓa shi a kafaɗa ko a wuya, kana sauya ɓangare, don ba lallai ne ranar gwaji a ba ka abin da ke da maɗauri ba. Yashi da gumi in suka haɗu suna goge fatar wuya har ta yi jini, shafa basilin a wurin kafin ka fita.

Gargaɗi: cikakken kilomita 20 da kilo 20 ba abin maimaitawa ba ne kowane mako. In ka kai 15 da cikakken nauyi sau ɗaya ko biyu, ya wadatar. Kwana goma na ƙarshe kafin gwaji na hutu ne da ɗan motsa jiki. Kuma kada ka yi doguwar tafiyar kai kaɗai. Samu wani ya bi ka a keke ko babur da ruwa, sannan a garuruwan kan iyaka ka sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri, don saurayi da jaka mai nauyi yana gudu da duku-duku abin zargi ne.

6. Ƙafa da takalmi

Bororo ƙanƙanin abu ne, amma ya fitar da mutane da yawa daga layi. Sayi takalmin gudu da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar sararin faɗin babban yatsa a gaba. Na gwanjo mai kyau ya fi sabo na roba. Lanƙwasa shi ka duba ƙasan bai mutu ba. Duk takalmin da za ka sa ranar gwaji, ya kasance ka yi aƙalla mako uku kana gudu da shi.

Yanke farce a miƙe, kada ka bi kwana. Safa ta zauna daidai ba tare da ta naɗe ba, in ta jiƙe a sauya. Kafin doguwar tafiya shafa man kaɗanya ko basilin a diddige da tsakanin yatsu. Da ka ji wani wuri ya fara zafi-zafi, tsaya nan take ka manna filasta, tun bai tara ruwa ba. In ya riga ya tara kuma ƙarami ne, ƙyale shi. In babba ne yana hana taku, wanke hannu da wurin da sabulu, ƙona bakin allura ta huce, huda ta gefe can ƙasa, matse ruwan a hankali, bar fatar a kwance yadda take don ita ce murfin, sa betadin, rufe. Masu ɓare fatar su zuba gishiri ko toka gyambo suke nema.

A sansani za a ba ka ranjas, wato takalmin soja, fatarsa da tauri. In an ba ka zaɓi ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarka, ka yi ta shafa masa mai yana laushi. Bayan alwala kuma tsane tsakanin yatsu kafin ka mayar da safa. A nan Arewa iska ke busar mana, a kurmin kudu kuwa damshin nan ne ke zama ƙaiƙayi da tsagewa.

7. Zafi, ruwa, abinci, da maganar ƙwaya

A Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yana wuce digiri 40. Haihuwa a cikinsa ba ta nufin ka saba gudu a cikinsa. Jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 na motsi a cikin zafi kafin ya daidaita guminsa. Don haka a watan ƙarshe ka riƙa jinkirta wasu fitowar zuwa hantsi, kaɗan-kaɗan. Tsakar rana dai babu.

Fitsarinka ne zai gaya maka ko ruwa ya ishe ka: fari-fari ya yi, ja-ja da sauran aiki. Sha kaɗan-kaɗan tun daren jiya, maimakon ka ɗura lita uku a bakin layi. Ruwa zalla da yawa ba gishiri shi ma yana kayar da mutum. Ga doguwar tafiya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ciwon kai, jiri, amai, murɗawar tsoka, duka saƙo ne na a tsaya. In kuwa abokinka ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, jikinsa rau, to zafi ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma mintoci ake ƙirgawa. Ja shi inuwa, cire masa kaya, yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Haka in bayan wahala ka ga fitsarinka ya koma kalar baƙin shayi ga tsoka na ciwo, tsokar ce ke narkewa tana toshe ƙoda. Asibiti a ranar.

Abinci ba sai na masu kuɗi ba. Tuwon dawa ko gero, wake, gyaɗa, ƙwai, kindirmo, kifin Lagdo ko Maga in ya samu, kunu da safe, dabino ko ayaba a aljihu. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar ya gama maganinsa, ya huta, sannan ya dawo a hankali. In shirin ya faɗo cikin azumi, bar nauyi da nisa, yi ɗan motsi bayan an sha ruwa.

Sai tramol. Kowa ya san ana shan sa a tasha da bakin kasuwa, kuma za a samu mai ce maka shi ne sirrin kilomita 20. Abin da yake yi shi ne ya kashe jin ciwo, wato ya toshe bakin mai gaya maka ka tsaya, ga shi yana jawo farfaɗiya da danne numfashi. Mutum na gudu zuciyarsa na neman agaji shi bai sani ba. Kuma wanda ya saba da shi, ranar da ya shiga sansani aka yanke masa, ga gumi, ga rawar jiki, ga rashin barci a kan wahalar horo. In kana sha, nemi taimakon likita ka rabu da shi tun yanzu. Diklofenak da ibuprofen ma kada a sha su kafin dogon gudu a zafi, suna cutar da ƙoda in jiki ba ruwa. Sigari kuwa ba sai na faɗa ba.

8. Ranar gwaji

Isa garin da kwana ɗaya ko biyu, ka ga wurin da ido. Ci abin da cikinka ya sani, awa biyu zuwa uku kafin a tashi. Tafi da katin ɗan ƙasa, rasit, ruwa da hula, don jiran layi a rana yakan fi gudun tsawo. Nemi inuwa ka zauna, bar masu tsalle-tsalle suna nuna ƙarfi.

Da an busa usur za ka ga ɗaruruwa sun fyalla kamar an biyo su. Kada ka bi. Riƙe saurin da ka saba, za ka tarar da yawancinsu a gaba suna tafiya riƙe da ƙugu. In da sauran ƙarfi, a kashi na ƙarshe ake fito da shi. In kuma alamun da na lissafa a sama suka zo maka, ajiye buhun. Ana sake ɗaukar sojoji, shekarunka 19 ko 20 kana da sauran dama.

9. Makonnin farko a sansani

An ɗauke ka. Ana iya kai ka Ngaundal, ko Jum can cikin kurmin kudu, ko Kutaba, ko bakin teku a Limbe. Yaron Kuseri da bai san bargo ba sai da hunturu zai ji sanyin dare a tudun Adamawa, a Limbe kuma ruwan sama ne ba ƙaƙƙautawa, kaya ba sa bushewa.

Ranar farko za a aske kai, a karɓe waya, a ba ka lamba. Daga nan ba ka da lokacin kanka. Tashi tun kafin asuba, ko'ina da gudu ake zuwa, fareti, shara, yankan ciyawa, darasi, gadi da dare, barci kaɗan. Za a yi maka tsawa a fuska a kan maɓalli ɗaya. Wani zai makara, a sa ku duka tsallen kwaɗo ko birgima a taɓo. Ka yi abu daidai a ce ka sake.

A nan samarinmu suka fi faɗuwa, don an tashe mu da jin cewa wanda ya zage ka a gaban mutane ya taɓa mutuncin gidanku. Ka gane tun yanzu cewa sajen bai san ka ba, bai san babanka ba. Haka ya yi wa na bara, haka zai yi wa na baɗi. So yake ya ga ko za ka iya jin umarni ka aikata alhali kana cikin yunwa, gajiya da ɓacin rai, domin wanda za a miƙa wa bindiga dole a san fushinsa ba ya riga hankalinsa. Amsa gajere, ido a gaba, kada ka kawo hujja, kada ka yi tsaki. Gwale-gwalen taro kuma an shirya shi ne don ku fara lura da juna. Wanda ya huce a kan yaron da ya jawo musu hukunci bai fahimci darasin ba, gobe shi ne zai makara.

Abubuwan da ke taimakawa ƙanana ne. Kada ka ƙirga watannin da suka rage, ƙirga zuwa abinci na gaba. In zuciya ta taso, ja numfashi kana ƙirga huɗu, sake shi kana ƙirga shida, sau uku ko huɗu, ba wanda zai lura. Shirya kayan gobe kafin ka kwanta, kowane abu a wuri ɗaya kullum, yadda hannunka zai same shi a duhu. In an ba da minti goma, yi barci. Ci duk abin da ya halatta aka zuba maka, ko bai yi maka daɗi ba. Kama aboki ɗaya nagari, ko ɗan Bafusam ne ko ɗan Bertuwa, ku riƙa tashin juna kuna duba wa juna ƙafa. Masu kafa rukunin 'yan garinsu kaɗai suna wahalar da kansu.

Harshe ma nauyi ne. Da Faransanci ake ba da yawancin umarni, da sauri, cikin tsawa. In naka na kasuwa ne, zauna da ƙaninka ɗan makaranta kafin ka tafi: dama da hagu, ƙirga, muƙamai daga kofur zuwa kanar, taken ƙasa, da yadda za ka faɗi sunanka da lambarka da ƙarfi ba in'ina. Za a yi dariyar lafazinka, ka yi tare da su.

Salla kuwa, je wurin malaminka tun kana gida ya yi maka bayanin taimama, haɗa salloli da ramuwa. Lokacin ba a hannunka yake ba a makonnin farko, kuma wanda ya san hukuncin hankalinsa ya fi kwanciya.

Gargaɗi: ranar da aka ba ku bindiga, gajiya ba hujja ba ce. Kowace bindiga ɗauke ta a matsayin mai harsashi, bakinta kada ya kalli mutum ko da wasa, yatsa a waje har sai an ce harba. Sannan in abin ya fi ƙarfinka, kada ka tsallake shinge da dare. Bayan ka sa hannu, gudu laifi ne a dokar soja. Nemi ganin na gaba da kai ka faɗa. In kuma ka kai ga kwana da kwanaki ba barci ko da an ba da dama, ko tunanin cutar da kanka na zuwa maka, wannan ya wuce kewar gida, gaya wa likitan sansani.

10. Ciwo a sansani, da abin da za a gaya wa gida

Tsamin jiki na kowa ne, ana tafiya da shi. Zazzaɓi, gudawa mai jini, ƙafar da ta kumbura ta yi ja, ciwon ƙashi a wuri ɗaya, baƙin fitsari, waɗannan na ɗakin magani ne, ko da za a ce maka rago. Kurtu da yawa suna ɓoyewa don tsoron a mayar da su gida, sai ciwon kwana uku ya zama na wata uku, a mayar da su ɗin.

Kaya kaɗan za ka ɗauka, bisa jerin da aka ba ka: safa da yawa, sabulu, allura da zare, filasta, basilin, ƙaramin kwaɗo na kulle jaka, tocila. Kuɗi kaɗan, canji-canji. Rubuta lambobin gida a takarda, don wayar ba ta hannunka.

Kafin ka hau mota ko jirgin ƙasa daga Ngaundere, zaunar da Inna da Baba ka gaya musu za a yi makonni ba su ji muryarka ba, kuma shirun ba alamar sharri ba ne. Ku kuma iyaye, in wani ya bugo waya ya ce shi ofisa ne, ɗanku na kwance, a turo kuɗi ta Orange Money ko MoMo yanzu-yanzu, kada ku tura. Ku riƙe lambar da ta kira, ku je ofishin jandarma ko barikin da ke kusa da ku da cikakken sunan yaron da sunan sansaninsa, a bincika muku.